Harsashi na Uku

Ranar Talata da la'asar tumakin Oom Niklaas Beukes suka dawo gida su kaɗai, a warwatse, wasu suna ɗingishi. A nan kowane dattijo Oom muke ce masa, wato kawu. Matarsa, Antie Sanna, ta ɗaura ɗankwali ta bi hanyar famfon iska. Can ta same shi kwance a inuwar bishiyar da ke kusa da kwamin shayar da dabbobi, kansa a fashe ta bayan kunne. Jikinsa ya riga ya yi sanyi. Hularsa ta fata, wadda ko a coci sai fasto ya harare shi yake cire ta, babu ita.

Sunana Elsabe Jantjies, ni ce sajan ɗin 'yan sanda ta garin Soutputs shekara goma sha ɗaya. Ranar ina birnin Upington wajen wata shari'ar satar awaki, ban dawo ba sai safiyar Laraba. Na tarar an kai gawa asibiti, mutanen gari kuma sun gama tasu shari'ar. Sun kama Jafta Kok, maƙwabcin mamacin, sun ɗaure shi da igiyar jaki, sun kulle shi a ɗakin ajiye kujerun coci. Gawie Links mai shago ne ke tsaye a bakin ƙofa da makullin a hannu.

"Sajan, mun rage miki aiki," in ji Gawie. "Ki ɗauke shi kawai."

"Yaushe aka ba ka kaki, Gawie? Ban ji labari ba."

"Kowa ya ji shi ran Lahadi. A nan, a gaban matanmu, ya ce sai ya fasa wa Oom Niklaas kai. Ga sawun amalankensa a bakin famfo. Ga jini a kulkinsa. Me ya rage?"

Matan da ke bayansa suka ɗauka, kowacce da nata. Na karɓi makullin, na shiga, na kwance Jafta. Mutum ne ƙato mai ƙaramar murya. An fasa masa leɓe.

"Ka faɗi maganar?" na tambaye shi.

"Na faɗa, Sajan. Ya harbe mini kare. Ya ce karen ne ke cin 'ya'yan tumakinsa, alhali dila ne. Jinin da ke kulkin ma na dilan ne, na kashe shi ran Litinin don in nuna masa."

"Jiya fa?"

"Na je ɗiban ruwa da safe. Ina fita yana isowa da tumakinsa, wajen ƙarfe tara. Ya zage ni, na rama. Shekara talatin muna haka, Sajan. In na kashe shi, wa zan riƙa zagi?"

Na mayar da shi ofishina, na rufe shi a can, don kada a ƙarasa shi kafin in dawo. Sannan na tafi neman Oom Salmon.

*

Oom Salmon Tieties ya haura saba'in. Ɗan siriri ne, gajere, idanunsa kullum kamar mai jin barci. Ya yi shekara ashirin yana bin sawun ɓarayin dabbobi wa 'yan sanda, kuma ban taɓa jin ya ce "wataƙila" ba. In bai sani ba sai ya yi shiru. Na same shi a ƙofar gidansa yana gasa burodi a kan garwashi.

"Na san za ki zo," ya ce. "Mutum nawa suka tattaka wurin?"

"Rabin gari, Oom."

"Rabin gari. Su da tumaki ban san wa ya fi ɓarna ba. Zauna ki ci, ƙasa ba ta gudu."

Famfon yana taku ɗari uku daga shingen filin gwaji na Vaalpan. A can ne kamfani ke gwada igwar nan da muke kira Mai Tari. Ba ta cin albarushi. Dogayen ƙarafa biyu ne a jere kamar layin dogo, a sa harsashi tsakaninsu, a sakar masa wutar lantarki mai yawan gaske a ƙiftawar ido, sai ya fita da gudun da ya ninka na sauti sau shida. Don jiragen ruwan yaƙi ake ƙera ta. Amma teku ba ta mayar da abin da aka jefa mata, shi ya sa suka kawo ta nan faƙon gishirinmu, inda za su iya tono harsashi su ga yadda ya yi. Igwar tana can kudu nesa, harsasan kuma suna sauka a tsakiyar faƙon, kilomita goma sha biyu daga shinge. Mun saba da ƙararsu har kaji sun daina ɗaga kai.

Da muka isa, Oom Salmon bai ko kalli bishiyar ba. Ya faɗa gefe, ya yi babban da'ira, hannayensa a baya, ni ina bin sa. Ya tsaya a kan sawun amalanken Jafta, nesa da inda mutane suka taka, ya tsuguna.

"Me kika gani?"

"Sawun taya."

"A cikin sawun fa?"

"Tsakuwa."

"A ƙarƙashin taya take, ko a kanta?"

Na duƙa. Ƙananan duwatsu ne zube a cikin kwarin sawun, suna zaune sakayau, babu wadda taya ta danne. Gefunansu farare ne tas, masu kaifi.

"Bayan amalanken ya wuce suka faɗo," ya ce. "Daga sama. Kuma sabuwar fasa ce, rana ba ta taɓa ganin cikinsu ba sai jiya. Jafta ya yi gaba kafin a yi ruwan duwatsun nan. Ki sake shi, ko ki bar shi ya huta da faɗan matarsa kwana ɗaya, wannan ruwanki."

Ya bi tsakuwar. Tana ƙara yawa, tana ƙara girma, har ta kai mu wani fili bayan kwamin inda kofaton tumaki ya dagargaza ƙasa kamar an yi sussuka.

"Kin taɓa kiwo, Sajan?"

"Ina yarinya."

"To gaya mini, wace tunkiya ce ke zagaye wuri ɗaya da gudu da tsakar rana? Dubi nan. Sun zagaya sau huɗu, sau biyar. Wani ne ke kora su. Kuma bai iya ba, ta tsakiya yake shigar su, suna watsewa, yana sake tarawa. Niklaas da fito ɗaya yake juya garke. Jafta ma, duk wautarsa, ya iya tumaki."

Ya soka sandarsa a tsakiyar filin. Ta nutse har rabi ba tare da ya danna ba. Muka sa hannu muka yi ta tono. Ƙasar sako-sako ce, an mayar da ita ne. Can ya zaro wani ɗan guntun ƙarfe mai ruwan toka, bai fi ƙwallon dabino ba, ya ɗora mini a tafin hannu. Nauyinsa ya ba ni mamaki, kamar na riƙe kwaɗon ƙofa.

Muka juya tare muka kalli shingen.

"Mai Tari ta yi kaki a inda bai kamata ba," in ji Oom Salmon. "Dutse ya tashi ya sami Niklaas. Wannan tsautsayi ne. Amma tsautsayi ba ya cike rami."

*

Shugaban filin, Kwamanda Rautenbach, tsohon sojan ruwa ne mai jar fuska da murya kamar ana jan buhu. Sansaninsu minti ashirin ne daga famfon in an bi hanyar da ke cikin shinge. Ya karɓe mu a tsaye.

"Harsashi uku muka harba jiya, ƙarfe goma, goma da rabi, sha ɗaya. Duk ukun sun sauka a cikin faƙo. A rubuce yake."

"Kun tono duka ukun?"

"Biyu. Na ukun ya nutse cikin gishiri, ya saba faruwa. Sajan, ran Juma'a manyan hafsoshin sojan ruwa na ƙasa uku za su zauna a rumfar can su kalli igwar nan. Shekara tara muna wannan aiki. Ba ni da lokacin rigimar makiyaya."

"Ina ka je jiya bayan harbi na uku?"

Fuskarsa ta ƙara ja. "Wannan ba ya cikin aikinki."

Oom Salmon kuwa takalmin Kwamanda yake kallo. Irin na kamfani ne, wanda kowane namiji a sansanin ke sawa.

Mai kula da na'urar radar wata mata ce, Refilwe Seane, ba ta cika murmushi ba. Ta rufe ƙofar ɗakinta kafin ta yi magana.

"Ni ina ganin harsashi ne har ya fara gangarowa. Daga nan tsaunukan can suna tare mini. Sauran hanyar shi da kansa yake faɗin inda yake. Akwai 'yar ƙwaƙwalwa a gindinsa, ita ke juya fikafikansa, ita ke aiko da saƙo."

"Wajen wa saƙon ke zuwa?"

"Dakta Terblanche. Shi ya ƙera ta. Shi ya ce mana na ukun ya sauka daidai."

"Ke kin yarda?"

"Kafin ya ɓace mini na ga kamar ya karkata gabas. Kaɗan. Na gaya wa Kwamanda, ya ce in Dakta ya ce daidai, daidai ne."

"Wa ya fita daga sansani bayan nan?"

"Su biyun. Dakta ya ce zai duba eriyar arewa. Kwamanda bai ce komai ba, ya ɗauki mota ya tafi. Duk sai bayan ƙarfe ɗaya suka dawo."

Dakta Ruan Terblanche muka samu a ɗakin haɗa harsasai, wuri mai sanyi da tsabta, kowa da farar riga da farar safar hannu. Mutum ne mai fara'a, ɗan shekara arba'in da 'yan kai. A gari ana son sa, shi ya gyara wa makarantar firamare wutar hasken rana kyauta. Ya ja wa Oom Salmon kujera da ƙafa, ya yi mana ta'aziyya, ya ce ya san Oom Niklaas, tsohon ya taɓa ba shi madara.

Ya nuna mana harsashin da ba a harba ba. Tsawonsa kamar damtsen mutum, siriri, da ƙananan fikafikai huɗu a gindi.

"Babu abin fashewa a ciki," ya ce. "Gudunsa ne makaminsa. Wahalar ita ce 'yar na'urar nan ta gindi. Lokacin da igwa ta tura shi, nauyin da ke danne ta ya kai a ɗora wa agogon hannu babbar mota. Shekara shida na yi kafin in samu wadda ba ta mutuwa a cikin bututu."

"In ya daki dutse fa?" Oom Salmon ya tambaya. Ita ce maganarsa ta farko a sansanin.

"Kan ya nutse. Gindin yakan ɓalle ya tsaya a sama."

"Da zafi?"

"Sosai, Oom. Ka soya ƙwai a kai bayan awa guda." Ya yi dariya.

A mota na ce, "Kwamanda ne. Ya ƙi faɗin inda ya je, ya toshe bakin Refilwe, shi ke da Juma'a a wuya."

"Ki bincika," in ji Oom Salmon.

Na bincika, waya biyu kawai ta ɗauke ni. Kwamanda ya je gonar wata bazawara, Tannie Marietjie, da sunan zaɓen ragunan da za a gasa wa hafsoshi. Ta ce ya iso sha biyu saura, ya zaɓi raguna a minti biyar, ya sha kofi na awa guda. Amma gonar tana bayan shingen arewa, hanyarta ta bi ta kusa da famfo. Ban cire shi daga zargi ba.

*

Da rana ta yi ƙasa, lokacin da kowane ɗan tudu ke da inuwa, muka koma. Wannan karon Oom Salmon ya fara daga shinge. Nan tumaki ba su kai ba, mutanen gari ma ba su kai ba.

"Ga inda mutumin ya tsallako. Ya taka waya ta biyu, ya riƙe ginshiƙi da hannu biyu, ya diro. Dubi tafiyarsa. Miƙe sak, ba ya kauce wa ƙaya, har ya yi tuntuɓe a nan. Ba ƙasa yake kallo ba, wani abu yake kallo a hannunsa, shi ke nuna masa hanya."

Muka bi shi har gefen filin da aka tattake. Oom Salmon ya zagaya ta ɗaya gefen, ya tsaya a kan wani ɗan kututturen busasshiyar ciyawa. Tsakiyarta ta yi baƙi-baƙi, an ƙona ta a siffar abu mai faɗin kofi.

"Ya ɗauko abu mai zafi, ya yi taku uku, ya yar."

Daga nan sawun ya ruga kwamin ruwa, taku manya-manya. Ya dawo a hankali. Oom Salmon ya nuna mini wasu 'yan ɗige-ɗige a ƙura, kamar inda yayyafi ya fara sauka, a jere, duk a gefen dama na sawun.

Sai ya bi su. Ba wajen ramin suka nufa ba. Wajen bishiya suka nufa. A bayan gindinta, inda masu ɗaukar gawa ba su taka ba, akwai shaidar gwiwa ɗaya da kan takalmi. Gaba kaɗan akwai wasu layuka a ƙasa, gajeru, guda huɗu-huɗu, an ja su an sake ja.

Oom Salmon ya daɗe a tsugune. Ya cire hularsa.

"Yatsun Niklaas ne," ya ce. "Wasu suna ƙarƙashin gwiwar mutumin. Wasu suna kanta."

Ban gane nan take ba. Sai daga baya na gane. Niklaas yana motsi kafin mutumin ya durƙusa, yana motsi bayan ya tashi.

Sawun komawa ya fi na zuwa nutsewa, mutumin yana ɗauke da kaya a hagu. A shinge ya sha wahala. Ya jefa kayan ta sama, ya gwada hawa ya zame, ya sake zamewa, a ƙarshe ya kwanta ya bi ta ƙarƙashin waya da ciki.

"Da zuwa ya haye kamar ɗan akuya," in ji Oom Salmon. "Da komawa ya rarrafa. Ki tara mini su gobe da safe a nan, Sajan. Ki zo da butar kofi."

A hanya likitan Upington da ya duba gawar ya kira ni. Ya ce jini ne ya taru a cikin kai a hankali. Da an kawo shi cikin awa biyu ko uku, da an yi masa aiki, kuma yana ganin da ya tashi.

*

Kwamanda ya zo ne don na ce masa in bai zo ba zan rufe hanyar da hafsoshinsa za su bi. Ya taho da Dakta da Refilwe. Daga gari Antie Sanna ta zo cikin baƙaƙen kaya, Gawie Links da mutum kusan talatin suna biye da ita. Na kawo Jafta a motata. Oom Salmon ya hura wuta a gefen kwami, ya ɗora buta, kamar wanda ya gayyaci baƙi hira.

Ya fara da sawun amalanke da tsakuwar da ke kansa. Ya sa Gawie ya tsuguna ya duba da idonsa.

"A kai take ko a ƙarƙashi, Gawie?"

"A kai, Oom."

"Da ƙarfi. Ran Talata muryarka har gidana."

"A kai take!"

Sannan ya kai su ramin. Na buɗe hankici na nuna guntun ƙarfen. Refilwe ta kalle shi sau ɗaya ta rufe ido. Kwamanda ya karɓa, ya auna a hannu, jan fuskarsa ya tafi.

"Wannan namu ne," ya ce a hankali. Ya juya. "Ruan?"

"Zai yiwu tsohon guntu ne," in ji Dakta. Hannunsa na dama yana cikin aljihun wando. "Na gwajin bara. Iska da ruwa suna kwashe abubuwa."

"Ruwa," in ji wata tsohuwa daga baya. "Rabonmu da ruwa wata goma sha huɗu."

Oom Salmon bai yi gardama ba. Ya koma wajen wuta, ya tsiyaya kofi a kofin gwangwani marar mariƙi, ya miƙa wa Kwamanda. Kwamanda ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya. Ya tsiyaya wani ya nufi Dakta. Dakta ya miƙo hagu.

Oom Salmon bai saki kofin ba.

"Ɗana, ka daɗe a cikinmu. Da hannu biyu ake karɓar abu daga hannun tsoho."

"Na ɗan ji ciwo ne, Oom. Ƙarfen walda."

"Mu gani."

Dakta ya zaro hannun. An naɗe shi da bandeji. Na ce ya kwance, ya kwance. Tafin ya kumbura ya yi bororo, kuma a tsakiyarsa akwai layuka biyu ja, miƙaƙƙu, da tazara tsakaninsu.

Refilwe ce ta yi magana. "Fikafikan gindi ne. Tazararsu ke nan."

"Ka ɗauka da hannu, ya ƙone ka, ka yar a kan ciyawar can," in ji Oom Salmon, muryarsa kamar mai ba da labarin farauta. "Ka ruga ka tsoma hannu a kwami. Ka rasa abin da za ka ɗauke shi da shi. Sai ka je wajen bishiya ka durƙusa. Ba don ka duba shi ba. Hularsa ka je ɗauka."

Antie Sanna ta yi wani sauti da ban taɓa ji daga bakin mutum ba. Mata biyu suka riƙe ta.

Dakta ya zauna a gefen kwamin. Bai sake musu ba. Ya ce yana kallon allonsa ya ga harsashin ya bar hanya, 'yar ƙwaƙwalwar ta rikice daƙiƙa huɗu kafin sauka. Ya ce ya zo ne kawai ya ɗauke gindin kafin wani ya gani, don in aka ji harsashi ya fita shinge za a rufe filin, aikin shekara shida ya tafi. Bai san akwai mutum ba sai da ya iso.

"Yana numfashi?" na tambaya.

"Na ɗauka ba zai kai ba."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

"Yana numfashi. Ya buɗe ido. Ya gane ni. Ya ce, Dakta, tumakin."

"Kuna da motar asibiti a sansani?"

Kwamanda ne ya amsa, ba tare da ya kalli kowa ba. "Muna da ita. Da ma'aikacin jinya. Da rediyo a kowace mota."

Maza suka fara matsowa. Na shiga tsakani, na sa wa Dakta ankwa, na faɗa da ƙarfi cewa duk wanda ya taɓa shi zai kwana ɗaki ɗaya da shi. Jafta ne ya zo ya tsaya kusa da ni, da fasasshen leɓensa, ya harɗe hannu. Suka ja baya.

Mun sami gindin harsashin a ƙarƙashin kujerar motar Dakta, har yanzu a cikin hular, fatar ta ƙone ta manne da ƙarfen.

Kafin su tafi Kwamanda ya zo wajen Antie Sanna, ya cire hularsa ta soja. Ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Matar nan ta gaya maka ta ga ya karkata," ta ce, tana nuna Refilwe. "Haka aka ce mini."

"Ta gaya mini, Antie."

"To."

Iyakar abin da ta ce masa ke nan. Ranar Juma'a ba a yi harbi ba. Shi da kansa ya kira hafsoshin ya ce kada su zo, ya kuma rubuta da hannunsa cewa an gargaɗe shi bai saurara ba. An sauke shi kafin ƙarshen wata. Kotun Upington ta ɗaure Dakta Terblanche shekara tara. Mai Tari ta yi wata bakwai shiru, da ta dawo kuma an matsar da wurin saukar harsasai can yamma, an kafa na'urar radar ta biyu a kan tsauni, aka ba Refilwe maɓallin da zai iya dakatar da kowane harbi ba tare da ta nemi izinin kowa ba.

*

Ran Asabar aka yi jana'iza. A Soutputs maza ke haƙa kabari da sassafe kafin rana ta yi zafi, kuma ƙasar maƙabartarmu dutse ce, sai da diga. Na je da wuri don in ga ko za a yi rigima. Mutum takwas ne a wurin, duk suna cikin waɗanda suka ɗaure Jafta. Sun yi awa guda ba su kai gwiwa ba.

Sai ga amalanken jaki. Jafta ya sauko da digarsa a kafaɗa. Masu haƙa suka tsaya, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Bai gaishe su ba. Ya leƙa ramin, ya girgiza kai.

"Wannan ne kabarin? Ko kyanwa ba za ta kwanta a nan ba. Fito, Gawie, hannunka na auna sukari ne."

Gawie ya fito. Jafta ya tuɓe riga ya shiga. Ya yi ta sara, dutse na tartsatsi, sauran suna kwashe ƙasa. Da ramin ya kai masa ƙirji sai ya tsaya, ya dafa diga, yana haki. Gawie ya tsuguna a baki ya miƙa masa gorar ruwa.

"Jafta," ya ce. "Maganar ran Talata..."

"Riƙe ta. Zan neme ta in na huta."

Ya sha, ya zuba sauran a ka. Sannan ya dubi tsawon ramin, ya auna da ido, ya sake ɗaga diga.

"A ƙara taku ɗaya ta wajen ƙafa," ya ce. "Mutumin nan in ya ji matsi, ni zai zaga."